Ganyen da Ya Tafasa Ba Wuta

Ta-Sama ake ce mata, don ɗakunanta biyu suna can ƙarshen bene, kusa da tankin ruwa, inda matakala take ƙarewa. Duk baƙon da ya zo wurinta sai ya tsaya a tsakiyar hanya ya riƙe ƙugu ya sauke numfashi. Ita kuwa shekara da shekaru tana hawa tana sauka da kaya niƙi-niƙi, ba a taɓa jin ta yi kukan gwiwa ba sai da girma ya kama ta.

A kicin ɗin wani babban gidan abinci take aiki, can bakin titin tasha. Ba ita ke girki ba. Nata shi ne wanki da yanka. Tun tana budurwa ta shiga wurin da wanke-wanke, har aka ga hannunta ya faɗa da wuƙa, aka ba ta katakon yanka nata na kanta a lungu kusa da taga. Kullum da safe sai a jibge mata kwanduna: faski, seleri, na'ana'a, ɗoɗɗoya, lawashi, ɗanyar citta, tafarnuwa. Ta tsince, ta wanke, ta yanka, ta miƙa wa masu tukunya. Babban yatsanta na hagu duk tabon wuƙa ne, kuma ko ta wanke hannu da sabulu sau nawa, ƙamshin ganye ba ya barin tafinta. 'Ya'yanta sun tashi suna gane dawowarta da hanci tun kafin ta murɗa ƙofa.

Mijinta direban bas ne, ƙato, mai murya, mai dariya har da dukan cinya. In ya zauna gaban kwano sai ka ji tausayin kwanon. Yakan ce shi bai san wani abu wai shi rashin cin abinci ba, sai dai rashin abincin ci. “Ranki ya daɗe” yake kiranta in yana neman ƙari, ita kuma ta harare shi ta ƙara masa.

Wannan mutumin ne ciwo ya kayar. Ciwon ciki ya fara kamar wasa, ya yi ta dannewa yana fita aiki, har ranar da kwandastansa ya kawo shi gida a rirriƙe. A asibiti aka ce sai an yi masa aiki a hanji. Aka yi, Allah ya sa aka dace, amma wurin ya ƙi warkewa da wuri, aka yi ta ɗura masa magunguna masu ƙarfi, na sha da na allura. Da aka sallamo shi sai da maƙwabta biyu suka tallafe shi a matakala. Wandonsa na aiki kuwa, ko da bel sai ya zame.

Ciwon ya tafi, amma ya tafi da bakinsa. Ta dafa masa shinkafa, ya ɗiba ya ajiye cokali. Ta yi romon kaza, ya kurɓa ya kau da kai. Ta soya ƙwai, ta dafa dankali, ta sayo kifi da kuɗin da ba ta da shi, duk a banza.

“Baban yara, ko loma uku ka daure,” in ji ta.

“Wallahi ba ƙi nake ba. Komai na sa a baki kamar jiƙaƙƙen kwali nake taunawa. Ki daina wahalar da kanki.”

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ya daina tsokanarta. Sai ya zauna a kujerar roba a baranda yana kallon motoci a titi, hannuwa a kan gwiwa, shiru kamar baƙo a gidansa.

A wurin aiki, babban kuku ba ya son komai sai lallausan kan ganye. Itacen faski, ƙasan seleri, na'ana'ar da ta ɗan yi laushi, duk kwandon shara suke tafiya. Ta daɗe tana jin zafin wannan ɓarna, sai rannan ta yi ƙarfin hali ta roƙe shi ya bar mata. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ta kwashe. Niyyarta ta riƙa sa wa maigida a romo ko ƙamshin zai ja shi. To amma firjinsu ya daɗe da mutuwa, ga zafi, ganyen da ta kawo yau gobe ya zama ruwa. Sai ta tuna gishiri yana tsare kifi, yana tsare nama. Me zai hana ya tsare ganye? Ta yayyanka su ƙanana, ta haɗa da tafarnuwa da citta, ta murje da gishiri har suka fitar da ruwa, ta danna su cikin wata tsohuwar kwalbar zuma, ruwan ya taso ya rufe su. Ta rufe, ta tura bayan gwangwanin sukari a kan kantar kicin.

Washegari zazzaɓi ya rufe maigidan, suka koma asibiti. Kwalba ta fita daga ranta gaba ɗaya.

Sai bayan sun dawo, wata ranar hutunta da hantsi, tana neman sukari ta ja gwangwanin, ta gan ta. Ganyen ya bar korensa mai haske ya koma kalar kakin soja. Ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Ta ɗauko don ta zubar, hasken taga ya ratsa kwalbar, sai ta tsaya cak.

Abin yana tafasa.

Ƙananan kumfa ne ke tasowa daga ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, suna bi ta tsakanin ganyen suna hawa. Wani ya maƙale a jikin tafarnuwa, ya yi jim, ya saki ya wuce. Ta taɓa kwalbar da bayan hannu. Sanyi ƙalau. Ta dubi murhu, a kashe yake. Ita da ta ƙare ƙuruciyarta a kicin ta san ba abin da ke tafasa sai da wuta. Ga shi a hannunta, ba wuta, ba hayaƙi, ba wanda ya taɓa, yana ta aikinsa shi kaɗai a bayan gwangwanin sukari, alhali ita tana can tana kwana a kan bencin asibiti.

“Ikon Allah,” ta ce a hankali.

Ta murɗa murfin, ya yi fuss. Ta ja da baya tana jiran wari. Ba wari ba ne ya fito. Wani ƙamshi ne mai tsami-tsami, mai tsinka yawu, na'ana'ar tana ciki, tafarnuwar tana ciki, amma duk sun yi laushi sun zama wani abu dabam da ba ta taɓa shaƙa ba. Ta daɗe tana kai-kawo da zuciyarta. Can ta tsoma bakin cokali ta ɗanɗana. Sai da ta runtse ido. Daga nan ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna tana jiran ciwon ciki. Ta jira har rana ta karkata, ba abin da ya same ta sai yunwa.

Ta kira autarta a waya. Auta malamar kimiyya ce a wata makarantar sakandare a ɗaya gefen gari. Ta saurari uwar har ta gama, sannan ta yi dariya.

“Mama, ai tsima shi kika yi ba ki sani ba. Mutane da yawa a duniya haka suke adana ganye. Irin abin da ke mai da madara ta yi tsami ne ya kama shi. In dai ruwa ya rufe shi, ba fumfuna a sama, ba wari, to bai lalace ba. Amma don Allah kada ki ba Baba sai kin tambayi likitarsa.”

Ranar komawa asibiti ta naɗe kwalbar a ɗankwali ta sa a jaka. Likitar, wata mace mai fara'a, ta buɗe ta sunsuna, ta yi tambayoyi a kan yadda aka yi shi da tsaftar kwalbar. Ta ce tunda wurin aikin ya warke, ba laifi ya gwada, amma ɗan ƙaramin cokali a gefen abinci, saboda gishirin, ga shi jininsa yana ɗan hawa. Ta ɗaga yatsa ta ƙara da cewa wannan abinci ne, ba zai maye gurbin ƙwaya ko ɗaya ba. Ta-Sama ta ce ta ji, kuma ta riƙe maganar har yau.

Da rana ta dafa farar shinkafa, ta ɗora ɗan ganyen a gefe, ta kai masa baranda. Ya duba ya ce, “Wannan kuma mene ne, kamar abin da akuya ta tauna ta fasa haɗiyewa?”

Murna ta kama ta, don rabonta da jin irin wannan magana a bakinsa tun kafin ciwo. Ta daure fuska ta ce, “Ci dai.”

Ya ɗiba ya kai baki. Fuskarsa ta yamutse, ido ɗaya ya rufe.

“Kai! Tsami!”

Ya ci gaba da taunawa a hankali, yana kallon cokalin kamar yau ya fara ganin cokali.

“Na ji tsami,” ya ce, murya ƙasa-ƙasa. “Kin ji? Na ji shi. Ga citta ma can a baya.”

Bai cinye shinkafar ba, amma ya ci rabi. Da ya miƙo farantin ya ce, “Ranki ya daɗe, gobe ma akwai?” Ta karɓa ta wuce bayan tanki inda take shanya, ta tsaya tsakanin zannuwan gado ta yi kukanta ta more, sannan ta share fuska ta dawo.

Ba a rana ɗaya ya miƙe ba. Akwai ranakun da ya koma ture kwano, akwai ranar da abin ya kumbura masa ciki ta rage. Amma a hankali bakin ya dawo, ƙarfi ya biyo baya. In aka tambaye ta ko ganyen ne ya warkar da shi, takan ce ita ba ta sani ba. Likita ta yi nata, magani ya yi nasa, lokaci ya yi nasa, ganyen dai ƙofa ya buɗe abinci ya samu hanyar shiga.

Ita kuwa tun daga ranar abin ya shiga ranta ya zauna. Ta bi maƙwabta tana karɓar kwalaben da suka gama da su, ta tafasa su, ta kife a rana. Ta gwada na'ana'a ita kaɗai, ta gwada faski da ɓawon lemun tsami, ta gwada ɗoɗɗoya da barkono. Ba duka suka yi ba. Wata kwalbar ta yi farin gashi a sama, wata ta yi yauƙi, wata kuwa da ta buɗe sai da maigidan ya gudu baranda yana cewa a kira 'yan kwana-kwana. Duk wadda ta ɓaci sai ta zubar ba ta ko ɗanɗanawa, ta zauna tana tunanin inda ta kuskure. Da haka ta gane ganyen da ya leƙo saman ruwa shi ke jawo fumfuna, ta samo ƙananan duwatsu masu santsi ta dafa su ta riƙa dannewa da su. Ta gane lokacin zafi abin yana sauri, lokacin sanyi yana nawa. Ta gane gishiri in ya yi kaɗan ruɓa ake samu, in ya yi yawa kuma kwalbar sai ta yi shiru kamar ta yi fushi.

Abu ɗaya ne ba ta koya da wuri ba, sai da ya koya mata da kansa. Wata rana da tsakar rana, ana zafi kamar a gasa mutum, wata kwalba da ta ɗaure wa murfi tamau ta fashe a kan taga. Ƙarar ta ratsa gidan duka. Ruwan ya bi bango ya gangara, ya ɗiga a kan wani farin yadi da telan da ke ƙasa da su ya baza a barandarsa. Kafin ta gama tsince gilashi, sai ga tela ya hau da yadin a hannu, bayansa kuma wakilin mai gidan da suke haya, wani siririn dattijo mai yawan gyaran murya, yana haki.

Wakili ya tsaya a ƙofar kicin ya bi kantar kicin ɗin da kallo. Kwalabe jere reras, kowace tana kumfa. Ya shaƙi iska, ya gyara murya.

“Baiwar Allah, ni fa ban taɓa jin wani abu marar kyau a kanki ba. Amma abin da ke kumfa, yana tsami, yana fasa kwalba, sunansa ɗaya a wurina. Gidan nan ba a dafa giya a cikinsa.”

Kunya ta rufe ta. Maigidan ne ya taso daga ɗaki, yana gyara wandon da yanzu ya fara kama shi.

“Wakili, in giya ce, to ni ne mashayin, kuma likita ce ta rubuta mini. Zauna. Ranki ya daɗe, kawo burodi.”

Ta yanko burodi, ta shafa ɗan man zaitun, ta ɗora na faski da tafarnuwa. Wakili ya karɓa da yatsa biyu kamar an miƙa masa kunama. Ya gutsura. Ya tauna. Ya sake gyaran murya, ya sake gutsura. Ya ce shi dai don ya tabbatar ne, kuma tabbatarwa ba ta yiwuwa da yanka ɗaya. Tela ma ya ajiye yadinsa ya sa hannu. Ta karɓi yadin ta wanke masa tas, ta goge. Wakili kuwa ya sauka da 'yar kwalba a aljihun riga, yana cewa ta matarsa ce, ita ce ba ta jin daɗin bakinta. Daga ranar Ta-Sama ta riƙa sassauta kowane murfi safe da yamma don iskar ta fita.

Duk da haka akwai tambayar da ta ƙi barinta. Auta ta ce wasu ƙananan halittu ne ke aikin, ita kuma ta ɗaga kwalba a rana ta duba har idonta ya yi ruwa, ba ta ga kowa ba. Ta yi ta damun yarinyar da tambaya. Daga ina suke zuwa? Wa ya zuba su? Me suke ci? Rannan Auta ta gaji ta ce, “Mama, ranar Asabar ki shirya, ki zo da kwalba ɗaya. Na roƙi shugabar makaranta ta ba ni mabuɗin ɗakin gwaji.”

Ta-Sama ba ta yi nisa a karatu ba, rabonta da shiga aji tun tana yarinya. Ta sa kayanta na fita kunya, ta shiga ɗakin tana taka ƙasa a hankali. Dogayen tebura, famfo a kan kowane, ƙwarangwal ɗin roba a lungu yana mata murmushi. Auta ta ɗauko madubin nan mai ƙara girman abu, ta ɗiga ɗigo ɗaya na ruwan kwalbar a kan ɗan gilashi, ta rufe da wani, ta yi ta murɗa wani abu a gefe tana leƙawa.

“Yauwa. Zo ki gani. Rufe ido ɗaya. Kada ki taɓa, leƙa kawai.”

Da fari haske kawai ta gani, zagayayye kamar farin wata. Sai idonta ya zauna. Ta ga wasu 'yan ƙananan sanduna, sirara, birjik, ba iyaka, wasu ɗaiɗai, wasu a jere kamar sun riƙe hannu, dukansu suna ɗan karkarwa a cikin hasken. Ta ɗago da sauri ta dubi gilashin. Ɗigo ɗaya ne, bai kai ƙwayar hawaye ba. Ta sake leƙawa. Suna nan.

“Auta, duk waɗannan a ɗigon nan suke?”

“Wannan ma gefe ɗaya kike gani.”

“To a kwalbar fa?”

“Ba su ƙirguwa, Mama.”

“Wa ya sa su?”

“A jikin ganyen suke tun daga gona. Gishirin da kike sawa yana danne masu ruɓar da abu, ya bar wa waɗannan fili. Su ci zaƙin ganyen, su ba ki tsami. Kumfan nan da kike gani numfashinsu ne, in an sauƙaƙa magana. Akwai irinsu a cikin kowa, a hanji, suna taya mu narka abinci.”

Ta-Sama ta lalubi doguwar kujerar ɗalibai ta zauna. Ta dubi tafin hannunta, ta juya bayansa. Tun tana budurwa take wanke ganye, kwando bayan kwando, ashe duk tsawon shekarun nan taro guda ne ke ratsa yatsunta ba ta taɓa yi musu sannu ba. Can ta ce, “Allah mai girma. Ni da nake cewa ni kaɗai nake yini a kicin.”

Ta roƙi a bar ta ta sake kallo. Ta kalla har wuyanta ya ƙage. Da Auta ta ɗauki gilashin za ta wanke a famfo, uwar ta riƙe mata hannu, sai kuma ta ji kunyar kanta ta saki, suka yi ta dariya su biyu a ɗakin da ba kowa.

Maigidan bai koma dogon tuƙi ba, ya samu aikin kai yaran wata makaranta da ɗauko su, yana dawowa da wuri da yunwarsa. Ita kuma ta yi aiki har gwiwa ta ce ta gaji, ta miƙa wuƙarta ga wata sabuwar ma'aikaciya ta dawo gida. Babban kuku bai daina aiko mata da ragowar ganye ba, ita ma ba ta daina aika masa da kwalba ba. Ba ta taɓa sayarwa ba. Wanda ya zo da kwalba wankakkiya za ta cika masa, amma sai ya zauna ya ga yadda ake yi, kuma sai ya sha tambaya: yana da hawan jini? Yana da ciwon ƙoda? Ya gaya wa likitansa? Mai jego ta hau benen nan, mai gadin kasuwa ya hau, matar tela ta hau har ta ƙware ta fara koya wa danginta. Akwai waɗanda suka ce ya yi musu amfani, akwai waɗanda suka ce su dai daɗinsa suke ji, akwai wanda ya ɗanɗana ya tofar ya ce Allah ya sawwaƙe. Duk ta amsa musu da fara'a ɗaya.

Yanzu idonta ya fara hazo, ba ta ganin kumfa sosai ko ta ɗaga kwalba a taga. Auta ta sa an ba ta rana a asibitin ido, tana jira. Kafin nan ta samo wata dabara. Da safe, in ta gama shayi, sai ta bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ta sassauta murfi, ta kara a kunne. Wadda ke aiki tana da wata 'yar ƙara siririya, kamar yayyafi a kan kwano daga nesa. Rannan maigidan ya shigo kicin da rediyonsa a hannu yana neman mabuɗin mota, ya tarar da ita tsaye, ido a rufe, kwalbar na'ana'a a kunne.

“Ranki ya daɗe, me suka ce yau?”

Ta ɗaga masa hannu ba ta buɗe ido ba. Ya kashe rediyon. Ta miƙa masa kwalbar, ya sunkuyar da ƙaton kansa ya kara kunne, ya yi tsit yana saurare har ya kusa makara.